U-Boot na 2013 ya ƙi ginuwa da GCC 11: a gyara kod ko a koma tsohon kompaila?

Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman taimako. An ba ni aikin ƙara wani ɗan umarni a butlodan allo mai cif ɗin Cortex-A8 na ARM, wato shirin da ke fara tashi in an kunna allon, kafin Linux. Kod ɗin U-Boot 2013.10 ne, wanda kamfanin da ya ƙera allon ya yi wa nasa canje-canje. Kwamfutata Ubuntu 22.04 ce, na ɗauko kompailan GCC 11 mai juya kod zuwa yaren na'ura, fakitin gcc-arm-linux-gnueabihf, ta apt. Ko fayil ɗaya bai gina ba ya tsaya da wannan:

`arm-linux-gnueabihf-gcc: error: unrecognized -march target: armv5`

Abin da ya ɗaure min kai, allon ARMv7 ne. Ta ina armv5 ya shigo?

Injiniya Rabi: Wa alaikumus salam, Abba. Buɗe arch/arm/cpu/armv7/config.mk, za ka ga layin da ke cewa a gwada -march=armv7-a, in kompaila ya ƙi sai a koma -march=armv5. An rubuta shi ne don tsofaffin kompaila da ba su san ARMv7 ba. Naka ya san shi sarai, haruffa biyun nan na ƙarshen sunansa, hf, su suka jawo. An gina shi ne bisa sharaɗin lambobi masu ɗigo za su bi ta rajistocin FPU, sashen cif mai lissafin irinsu. Da aka miƙa masa armv7-a tsurarsa ba a ambaci FPU ba, sai ya ƙi. Makefile bai tambayi dalili ba, ya ɗauka rashin sani ne, ya ba shi armv5, wanda kuma tun GCC 9 aka cire. Saƙon da ke gabanka na gwaji na biyu ne, na farkon an watsa shi a /dev/null shi ya sa ba ka gan shi ba.

Cire shi ka sa gcc-arm-linux-gnueabi, mara hf. U-Boot da -msoft-float ake gina shi, ko ka tsallake wannan da hf ɗin akwai wani a gaba, ranar da wani fayil ya raba lamba mai bit 64 linka, mai haɗa fayilolin da aka gina wuri ɗaya, ya je ɗauko __aeabi_uldivmod a libgcc, zai ce maka `uses VFP register arguments, u-boot does not`.

Abba: Na gode Injiniya, ya wuce nan. Ga na gaba:

`fatal error: linux/compiler-gcc11.h: No such file or directory`

Sadiq: Wannan ai mai sauƙi ne. Shiga include/linux, kwafi compiler-gcc4.h ka sa masa suna compiler-gcc11.h. Shi ke nan.

Injiniya Rabi: Zai wuce, Sadiq, amma ya karanta fayil ɗin kafin ya rufe. Tsohon kod yana haɗa sunan fayil ne daga __GNUC__, wato lambar sigar GCC, kuma lokacin 3 da 4 kaɗai ake da su. A cikin na 4 ɗin akwai wuraren da ake duba __GNUC_MINOR__ kaɗai, domin wanda ya rubuta ya san 4 ne a gaban ɗigo. Ka ba shi 11.1, sai ya yi masa hukuncin 4.1. Gara ya goge sharuɗɗan ya bar reshen sabon kompaila.

Malam Ɗanjuma: Ni dai kafin ku ci gaba da facin nan, Abba, tsaya tukuna. Aikin da aka ba ka ƙara umarni ɗaya ne, ba ɗaga U-Boot daga 2013 zuwa yau ba. Kunna allon da butlodan da ke kansa, tsayar da shi a siriyal, rubuta `version`. Zai nuna maka GCC da ld, wato linka, da aka gina shi da su. Nemo su, gina da su, ƙara umarninka, miƙa aiki.

Dalilina shi ne, kod ɗin da ke tayar da memorin DDR da agogo da ma'ajiyar NAND a allon nan, da wancan kompailan aka gwada shi, a zafi da sanyi, a kan alluna masu yawa. Abin da aka gwada ba fayilolin C ba ne, abin da ya fito daga kompaila ne. In ka canza kompaila ka canza butlodan gaba ɗayansa, ko da ba ka taɓa layi ɗaya ba. Kuma butloda ba manhajar waya ba ce da in ta faɗi za a sake buɗewa. In ya mutu a hannun mai kaya, sai an kwance na'ura an jona JTAG, wayar da ake shiga cif kai tsaye da ita.

Abba: Malam, na duba, GCC 4.6 ne. Kuma akwai shi a kayan da kamfanin ya bayar. Sai dai ga abin da bash ke cewa in na kira shi: `No such file or directory`. Alhali ga fayil ɗin nan ina kallonsa, ls na nuna shi.

Malam Ɗanjuma: Ba shi ne ya ɓata ba. Yi masa `file`, za ka ga na bit 32 ne. Abin da ba a samu ba /lib/ld-linux.so.2 ne, mai loda shi. `dpkg --add-architecture i386`, sai `apt update`, sai ka sa libc6:i386. In ya nemi libstdc++ ko zlib na i386 ka ƙara masa.

Bilkisu: Malam, ina tare da kai a rabin maganar. Amma "nemo tsohon kompaila" ba ya ƙare zancen, domin kompaila biyu ne ke aiki a ginin U-Boot. Akwai na allo, wanda CROSS_COMPILE ke nunawa, akwai kuma na kwamfutarka, HOSTCC, mai gina mkimage da dtc da sauran kayan aiki. Na riƙe wani reshe na 2018, kompailan ARM ɗinsa ban taɓa shi ba, kwamfuta kawai aka sabunta, sai ga:

``multiple definition of `yylloc'``

GCC 10, wanda ya fito a 2020, ya mai da -fno-common ya zama na asali. A dtc an ayyana yylloc a wuri biyu, da can linka na haɗe su ya zama ɗaya ba tare da ya ce uffan ba, yanzu ya ƙi. Gyaran layi ɗaya ne a dtc-lexer, a goge `YYLTYPE yylloc;` ko a sa masa extern. Bayansa kuma sai binman ya nemi Python 2 da babu shi a kwamfutar. To ka ga ba kompaila ɗaya za a daskarar ba, kwamfutar ce ɗungurungum.

Malam Ɗanjuma: Ai ba mu saɓa ba, Bilkisu. Kwantena, wato akwatin manhaja mai ɗauke da nasa tsarin. Docker da tsohon Ubuntu ko Debian a ciki, kompaila a ciki, make da Python a ciki, a ajiye hoton kwantenar kusa da kod. Ba Dockerfile kaɗai ba, hoton kansa, domin ma'ajiyar tsofaffin fakiti kan tashi daga inda take.

Injiniya Rabi: Malam, da girmamawa, nan ne nake rabuwa da kai. Ban ce kada a ajiye tsohon ba. Abin da nake ƙi shi ne a mai da shi hanya ɗaya tilo. Kod ɗin da da kompaila ɗaya kawai yake aiki, akwai abin da yake ɓoyewa. Galibin abin da sabon GCC ke kamawa laifi ne na gaske da ya daɗe a kwance: aikin da aka kira ba a ayyana shi ba, lamba da aka cusa a wurin manuni, madaukin jinkiri da aka manta volatile. GCC 14 ya mai da na farko da na biyu kuskure mai tsayar da gini, da can gargaɗi ne da ba mai karantawa. A na'ura mai bit 64, aikin da ba a ayyana ba ana ɗauka int yake dawowa da shi, in kuwa manuni ne an sare rabinsa ke nan. Tsohon kompaila bai hana wannan ba, shiru kawai ya yi.

Sannan akwai ranar da za a ce a saka sa hannun dijital a butlodan, ko a ɗauko gyaran wata ɓaraka ta tsaro daga U-Boot na yanzu. Shi kuwa na yanzu in ya ga tsohon GCC irin 4.6 a ARM, tsayawa yake ya ce ba ya goyon bayansa. Ranar sai a biya bashin shekara goma a zama ɗaya.

Malam Ɗanjuma: In ranar ta zo, aiki ne mai zaman kansa, da lokacinsa da gwajinsa. Ba a ɗora wa yaro shi a ƙarƙashin "ƙara umarni ɗaya" ba.

Abba: Kada ku yi faɗa a kaina, iyayen gida. Da 4.6 ya ginu, ya tashi, umarnina na aiki. Amma tunda na fara, ina son ganin ƙarshen na 11 ɗin a wani reshe daban. Yanzu kurakurai ne jingim, iri biyu:

`error: 'coloured_LED_init' aliased to external symbol '__coloured_LED_init'`

da kuma ``multiple definition of `__raw_writesb'``, shi da 'yan uwansa, a kusan kowane fayil.

Injiniya Rabi: Duk tushensu ɗaya. Har zuwa GCC 4.9, in ba ka faɗi wane C kake so ba gnu89 ake ba ka. GCC 5, a 2015, ya koma gnu11, kuma ma'anar inline a wurin biyun kusan a juye take. A gnu89, `extern inline` na nufin a cusa jikin aikin a inda aka kira shi, kada a fitar da kwafinsa. A C99 da C11, `extern inline` na nufin a fitar da kwafi da kowa zai gani. To io.h na cike da extern inline, kowane fayil ya haɗa shi ya fitar da nasa __raw_writesb, linka ya tarar da tuli. Shi kuma `inline` tsura, a da yana fitar da kwafi, yanzu ba ya yi, shi ya sa alias ɗin LED ya rasa abin da zai nuna.

Hanya gajera, ƙara -std=gnu89 ko -fgnu89-inline a CFLAGS cikin config.mk na sama. Hanya mai kyau, mai da na io.h su zama static inline, ka cire inline daga na board.c. Ni zan so ka rubuta -std ɗin ƙarara ko da ka gyara, domin GCC 15 ya sake matsawa zuwa gnu23, inda bool da true da false suka zama kalmomin harshen, duk mai typedef ɗin bool nasa sai ya ji a jikinsa.

Nura: Ku masu Cortex-A kuna cikin daula. Mu a ƙananan cif na AVR, butlodan Optiboot bayit 512 yake da shi a ATmega328P, iyakar ƙaramin sashen but da fis ɗin BOOTSZ ke bayarwa ke nan. Ka canza sigar avr-gcc, kod bai canza ba, ya ƙaru da 'yan bayit, linka ya ce .text ya hau kan .version. Ba wani kuskure a kod, sabon kompailan ne ya zaɓi wasu umarnai daban. Abba, in allonka na da SPL, ɗan ƙaramin butlodan da ke tashi kafin U-Boot, duba girmansa a gini biyun, shi ma SRAM ɗin cikin cif ne iyakarsa.

Sadiq: Mu masu cif na RISC-V ma ba a bar mu a baya ba. Binutils 2.38, kunshin da linka ke ciki, ya zo a 2022 ya ce umarnan csrr da fence.i ba sa cikin rukunin asali na I kuma, sai ka rubuta rv64imac_zicsr_zifencei. Ka rubuta haka, tsohon kompaila ya ce bai san zicsr ba. Na 2.39 kuma ya fara gargaɗin `LOAD segment with RWX permissions`, TF-A, manhajar tayar da cif ɗin ARM, da ke ɗaukar gargaɗin linka a matsayin kuskure ya tsaya cak, zaɓin kashe gargaɗin kuma tsohon ld bai san shi ba. Gaba kura baya sayaki.

Abba: Ya ginu da 11! Ba kuskure ko ɗaya, SPL ma ya shiga da sauran fili. Na rubuta a katin SD, ya tashi, ya nuna DRAM, ya kawo wurin rubuta umarni. Amma in na bar shi ya ci gaba da kansa, daidai inda yake karanta bayanan allo daga EEPROM sai ya zubo rajistoci ya sake tashi:

`data abort`
`MAYBE you should read doc/README.arm-unaligned-accesses`

Malam Ɗanjuma: To. Ga abin da nake faɗa. Waɗancan duk da kuka gyara masu arha ne, sun fito a allon kwamfuta da lambar layi. Wannan ma ka yi sa'a ya faɗi bayan siriyal ta tashi. Da a cikin SPL ne kafin UART, baƙin allo kawai za ka gani.

Amma tunda ka shiga, mu gama. Lambar pc da ya nuna, wato adireshin umarnin da ya faɗi a kansa, ba za ta dace da u-boot.map kai tsaye ba, domin U-Boot na kwashe kansa zuwa saman RAM. Tsayar da shi, rubuta `bdinfo`, ɗauki reloc off, cire shi daga pc, sai ka ba addr2line sakamakon tare da `-e u-boot`. Daga nan `objdump -d` a gini biyun, ka kawo mana aikin.

Abba: Na samu. A fayil ɗin kamfanin ne. Akwai struct mai `__attribute__((packed))`, wato filayensa a manne ba tazara, filin farko u8 mai bayit ɗaya, na biyu u32 mai bayit huɗu na lambar allo. A ginin 4.6, wurin karanta u32 ɗin ldrb ne guda huɗu, ana tura su da lsl ana haɗawa da orr. A ginin 11 layi ɗaya ne tak:

`ldr r3, [r4, #1]`

Kuma pc a kansa ya tsaya.

Injiniya Rabi: Madalla, ka kama shi da hannu. Duba #1 ɗin nan. r4 na nuna farkon struct, adireshin da ke rabuwa da 4, an ƙara 1, ana son ɗauko bayit huɗu daga nan. Tsohon GCC bai yarda ARM zai iya ba, shi ya sa yake tsinto su ɗai-ɗai. Daga GCC 4.7, a 2012, -munaligned-access ya zama na asali ga ARMv7, domin cif ɗin na iya yi, kuma a ƙarƙashin Linux lafiya lau yake yi. Amma da sharaɗi biyu: bit A na rajistar SCTLR, mai duba daidaiton adireshi, ya kasance a kashe, kuma MMU, sashen cif mai kula da memori, ya sa wa wurin alamar memori na yau da kullum. Buɗe start.S na armv7 a kod ɗinka, za ka ga inda ake kunna bit A da gangan. Ko da ba a kunna ba, muddin MMU na kashe ARMv7 na ɗaukar duk memori a matsayin mai tsauraran ƙa'ida, karatun da bai daidaita ba ba shi da tabbas a can.

A 2013.10 an sa -mno-unaligned-access ne ga wasu zaɓaɓɓun fayiloli da aka san suna da matsalar, fayil ɗin kamfaninku ba ya ciki tunda su da 4.6 suke gini, ba su taɓa ganin faɗuwar ba. A 2014 U-Boot ya koma sa shi ga kowa. Yi hakan, ƙara shi a PLATFORM_CPPFLAGS na armv7. Masu AArch64, naku -mstrict-align ne.

Malam, ka lura nan ba laifin kod ba ne, ba na kompaila ba. Kod ya ce packed, daidai ne. Kompaila ya yi abin da takardar fitowarsa ta ce zai yi. Zato ne da ba a rubuta a Makefile ba. Yanzu za a rubuta shi, kuma ginin ya fi na jiya ƙarfi.

Malam Ɗanjuma: Na lura. Ke ma ki lura cewa wannan guda ɗaya ne da ya fito fili saboda kowane tashi na bi ta kansa. Nawa ne a hanyar sabunta manhaja ta USB, ko hanyar da ake bi in NAND ya sami mataccen bulo, waɗanda Abba ba zai bi ta kansu yau ba?

Bilkisu: Kuma tutar -mno-unaligned-access ɗin ba ta maganin kowane iri. In wani ya rubuta `*(u32 *)(buf + 1)` da hannunsa, ya yi wa kompaila alkawarin adireshin daidai yake, ldr ɗaya zai fitar da tuta ko babu. Wannan sai get_unaligned ko memcpy. Abba, yi grep na irin wannan juyin a fayilolin kamfanin, kuma gwada gini ɗaya da -Wcast-align ka ga abin da zai zubo.

Nura: Tunda ana lissafin masu kisan mummuƙe, ga wanda ya fi ba ni haushi a Cortex-M. Mutum ya rubuta nasa memset da madauki don kada ya jawo laburare. GCC ya kalli madaukin ya gane aikin memset ne, ya maye gurbinsa da kiran memset, wato aikin na kiran kansa har stak ya cinye RAM. -ftree-loop-distribute-patterns ne ke yin haka, da a -O3 yake, daga GCC 10 ya sauko -O2. Ko da -ffreestanding ma, takardun GCC sun ce dole ka tanadi memcpy, memmove, memset da memcmp, zai iya kiransu duk lokacin da ya ga dama.

Ɗan uwansa shi ne tsalle daga butloda zuwa manhaja. Ka sa rajistar VTOR, ka kira __set_MSP don canza stak, sannan ka karanta adireshin tsalle daga wani canji na cikin aikin. In kompaila ya bar shi a rajista, lafiya. In sabon ya ajiye shi a stak, ka riga ka canza stak ɗin, shara za ka karanta. Layukan ƙarshen nan da asambali ya kamata a rubuta su.

Abba: Da tutar ya tashi har Linux. Grep kuma ya fito min da wurare biyu irin wanda Anti Bilkisu ta faɗa, duka a kod ɗin sabuntawa ta USB. Na mai da su get_unaligned_le32. Abin da zan yi: wanda zan miƙa na 4.6 ne daga kwantena, da umarnina da gyaran nan biyu. Reshen 11 zan tura shi ma'ajiya tare da bayanin kowane faci.

Injiniya Rabi: Kada reshen ya zama kabari dai. Sa injin gwaji ya riƙa gina duka biyun a kowane canji, yana rubuta girman SPL da u-boot.bin. In kana son kompaila da ba ya canzawa da sabunta Ubuntu, ɗauko na Arm GNU Toolchain ko na Bootlin mai lambar siga, ka rubuta lambar da sha256 ɗinsa a README.

Malam Ɗanjuma: Wannan na yarda da shi, muddin abin da ke zuwa masana'anta daga kwantenar yake fitowa har sai an yi wa ɗayan cikakken gwaji a kan alluna.

Abba: Tambaya ta ƙarshe, Malam. Don in tabbatar kwantenar daidai take, na gina asalin kod ɗin kamfanin ba tare da canjina ba, na kwatanta sha256 da u-boot.bin ɗin da suka bayar. Girma ɗaya ne amma lambobin sun bambanta. Na sa SOURCE_DATE_EPOCH, bai canza komai ba.

Malam Ɗanjuma: 2013.10 bai san SOURCE_DATE_EPOCH ba, daga baya aka kawo shi. Ranar gini da lokacinsa na shiga ta include/generated/timestamp_autogenerated.h, su ne kake gani a layin farko in allo ya tashi. Yi `cmp -l` tsakanin fayilolin biyu. In bambancin 'yan bayit ne a dunƙule wuri ɗaya, duba wurin da `strings -t d`, za ka tarar kwanan wata ne. In kuwa a warwatse suke, to ld ko wata tuta ta bambanta da tasu, sai ka turo mana fitowar `version` ta gini biyun.